Bi ko ƙari? Rigimar sarki da bakwai a zauren Majalisar Ƙofar Ƙaura

Ɗan Marusa: Salamu alaikum jama'a. Ni fa abin jiya da dare har yanzu yana cina. An tashi majalisa ana ta yi mani dariya wai ni matsoraci ne don bi kawai na yi ta yi ban ƙara zubi ba, har yaron mai shayi yana tayawa. To ga yadda aka yi, kowa ya yi alƙalanci tsakani da Allah. Foka muke bugawa, wato kartar da kowa ke riƙe da kati biyu ana buɗe biyar a tsakiya na kowa da kowa, mai ƙayyadadden zubi, da murafen kwalba. Zagaye biyun farko zubi 2 ne, biyun ƙarshe 4. Mu huɗu muka shiga, 8 ke nan a tsakiya. Ina riƙe da sarki da bakwai. Aka buɗe goma, bakwai, uku. Na haɗa bakwai biyu, amma goma na bisa kaina. Oga Admin ya zuba 2, na bi, Bature ya bi, na huɗu ya ajiye. Aka buɗe sarauniya, Admin ya zuba 4, na bi, Bature ya ajiye. Kati na ƙarshe biyu ce ta fito, ya sake zuba 4. A lokacin 26 ne a tsakiya, 4 kawai ake nema gare ni. Ko sau ɗaya cikin bakwai na kama shi yana ƙarya ai na ci riba. Na bi, ya buɗe sarauniya da tara, ya cinye ni da sarauniya biyu. Ashe sadda ya fara zubi ba shi da komai. To ina tsoro a nan? Wasan nan ilimi ne, ba ƙarfin hali ba, amma wasu ba su gane ba.

Bature: Wa alaikumus salam. Ni dai dariya kawai na yi, ban ce matsoraci ba.

Injiniya: Ɗan Marusa, lissafinka na zagayen ƙarshe daidai yake, ba wanda zai ƙara a can. In ka ƙara, wanda ya fi ka zai bi, wanda ka fi zai ajiye, ba ka samu komai ba. Inda ka yi sake shi ne lokacin da aka buɗe ukun farko. Can ya kamata ka mai da shi 4. Bature na bayanka, da sai ya fuskanci 4 a lokaci ɗaya alhali 14 ne a tsakiya, da wuya ya tsaya. Kuma da ka ƙara, mai yiwuwa Admin ya yi shiru a zagaye na uku inda zubi ya ninka, kai ma ka yi shiru ka ga kati na ƙarshe kyauta. Ka biya 2 ka tsira da 4.

Bature: Wallahi da ya ƙara da na ajiye. Takwas da shida nake riƙe da su, jiran tara nake in jera kati biyar, shida zuwa goma.

Ɗan Marusa: To ai ba kai ka cinye ni ba! Admin ne. Injiniya ka faɗi gaskiya, da na ƙara Admin zai gudu?

Injiniya: Ba zai gudu ba. 2 kawai zai cika a kan 14, kuma kati shida ne za su cece shi, sarauniya uku da tara uku, cikin 47 da bai gani ba. Kusan daidai wa daida ne, zai bi. Matsalar wasa mai iyaka ke nan, ƙari ba ya korar wanda ya riga ya zuba. Amma ka sa shi biya lokacin da kake gabansa, wannan ita ce ribar.

Malam Habu: Subhanallah. Na shigo duba sanarwar ɗaurin aure sai na tarar da wannan. Ɗan Marusa, mi ka ce? Ilimi? A garin Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani, kana kallon hasumiyar Gobarau kullum, ka buɗe baki ka kira karta ilimi?

Ɗan Marusa: Allah gafarta Malam, ba ilimin addini nake nufi ba.

Malam Habu: Ilimi ilimi ne. Ka ce wayo, ka ce dabara, ba wanda zai tanka maka. Ɓarawo ma yana da dabara.

Baban Khadija: Malam ya gama magana.

Injiniya: Malam, da girmanka, amma a nan ban yarda ba. Fannin lissafin yiwuwar aukuwar abu, wanda ake koyarwa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ko'ina, tushensa wasiƙun da masana lissafi Pascal da Fermat suka yi wa juna ne a Faransa a 1654, kuma kan matsalar rabon kuɗin caca suka yi su. Da shi ake hasashen damina, da shi ake gwada magani kafin a sake shi. Sannan a 2015 masana a Jami'ar Alberta ta Kanada sun fitar da manhaja mai suna Cepheus wadda ta kusan warware irin wannan fokar gaba ɗaya, har mujallar Science ta buga aikin. Kuma abin da ta gano shi ne mai fara wasa kusan bai taɓa bi kawai ba, ko ya ƙara ko ya ajiye. In wannan ba ilimi ba ne, mene ne?

Ɗan Marusa: Kai Injiniya ka daina jawo na'urar nan kana jifana da ita. Ta mutum biyu ce kawai, kuma maganar kafin a buɗe kati ce. Mu huɗu muke.

Malam Habu: Ka ji ka da bakinka, kuɗin caca. Allah bai musanta akwai amfani a ciki ba. Ku duba Baƙara aya ta 219, an ce giya da caca akwai zunubi babba da amfani ga mutane, amma zunubin ya fi amfanin girma. Ma'ida aya ta 90 ta rufe ƙofar, aka ce ku nisance shi. Turawan Kanada ba hujja ba ne.

Bature: Amma Malam murafen kwalba ne fa. Ko sisi ba a sa ba.

Malam Habu: Risala da kuka karanta a makarantar allo mi ta ce? Ba ya halatta a yi wasan nardu, wanda ake jefa ƙwaya irin ta ludo, ko shaɗaranji, wato chess, har zama wajen masu yi da kallonsu an karhanta. Ba ta ce sai an sa kuɗi ba.

Injiniya: Malamai sun yi saɓani a kan shaɗaranji, Malam ya sani. Kuma karta ba nardu ba ce.

Baban Khadija: Yanzu kai za ka koya wa Malam saɓanin malamai? Kai da ka yi Legas shekara nawa?

Injiniya: Yaya, mi ya kawo Legas cikin maganar nan?

Ɗan Daura: Ni dai kallo nake daga nan. Katsinawa ana ce maku kunya gare ku ba dai tsoro ba, yau ga Bakatsine ya zo da kansa yana rantsuwar shi ba matsoraci ba ne. 😂

Ɗan Marusa: Kai kuma wa ya sa da kai? Ku je ku ji da rijiyarku.

Ɗan Daura: Kusugu ta fi ƙarfin bakinka. Daura ta Abdu tushen Hausa, daga nan kakanninku suka taso. Kuma mu nan dara muke yi a ƙasa, ba mu san wata foka ba.

Bature: Dara ma ai wasa ce. Malam, dara fa? Tsofaffi na yinta a bakin kasuwa har la'asar ba wanda ya taɓa yi masu wa'azi.

Malam Habu: Kada ka sa mani magana a baki. Ni kalma ɗaya na kama. Ya janye ilimi mu wuce.

Ɗan Marusa: Ba zan janye ba Malam. Makaniki ma ana cewa yana da ilimin mota.

Baban Khadija: Makaniki gumi yake yi ya ci da iyalinsa. Kai mi ka kai gida jiya, murfin kwalba?

Na-Layi: Tunda ana maganar kai wa gida, ni a faɗa mani wa zai biya mai shayi. Ya tare ni da safe yana cewa kofi shida da burodi biyu da ƙwai na jiya ba a biya ba. Ai ƙa'ida wanda murafensa suka fara ƙarewa shi ke biya.

Malam Habu: Tsaya. Mi ka ce?

Bature: Na-Layi Allah ya isa tsakanina da kai.

Malam Habu: Bature, ba kai ka ce ko sisi ba a sa ba? Wanda aka cinye ya sayi shayi, wanda ya ci ya sha kyauta. Wannan in ba caca ba ce mi ce ce? Ko don an bi ta hannun mai shayi ta tsarkaka?

Injiniya: Malam wannan kara ce kawai. Ko ba wasa, kullum mutum ɗaya ke biya wa majalisa.

Na-Layi: Wace kara? Ni watan jiya da aka cinye ni ba wanda ya yi mani kara, har tsire aka ƙara a kaina.

Baban Khadija: To ga shi nan, asiri ya tonu. Wallahi Hisba ta ji labari ku kuka sani. Tun 2000 ake shari'a a jihar nan.

Ɗan Marusa: Yaya Baban Khadija, kada ka sa in yi magana. Wa muka gani ranar Asabar yana leƙen waya yana cewa saura Arsenal kawai ta ci tikitinsa ya fita?

Baban Khadija: Ƙarya kake! Na ƙanen matata ne, duba mashi nake.

Ɗan Daura: Arsenal kuwa? Ai ko halal ce wannan asara ce.

Bature: Ka bar Arsenal ta huta, ku da Man U ɗinku mi kuka tsinana?

Ɗan Daura: Kofin lig 20. Ku bayan 2004 kun shafe shekara ashirin kuna ba mutane labari.

Malam Habu: Inna lillahi. Daga karta an koma ƙwallo. Ni na fita, in an sa lokacin ɗaurin auren a turo mani ta gefe.

Injiniya: Ni tambayar da aka yi ba wanda ya koma kanta. Da bakwai biyu da sarki a gefe, mutum na bayanka, ƙari ya fi. A kan sarauniya kuwa, 4 a kan 18, ajiyewa ma ba laifi ba ce, don kati biyu sun hau kan bakwai ɗinka. Wurin da ya fi cancantar muhawara ke nan.

Ɗan Marusa: Yanzu kuma ajiyewa? Ɗazu ka ce in ƙara, yanzu in gudu. Da na ajiye ai da har Daura an ji labarin tsorona.

Na-Layi: Mai shayi fa?

Oga Admin: Jama'a ya isa haka, saƙo ya yi yawa, mutane na ƙorafin data. Na karanta komai daga farko, ga abin da aka tsayar. Kowa ya amince Ɗan Marusa ya yi kuskure, har Injiniya ya tabbatar da lissafi da hujjar Turawan Kanada cewa wanda ya ci jiya ya buga daidai. Ba sa'a ba ce, karanta mutum ne, na ga hannunsa na rawa shi ya sa na zuba. Maganar Malam muna girmama ta, kuma kamar yadda aka fahimta bai hana wasa da murafe ba, kalma ce kawai bai so ba. Batun shayi kara ce ta 'yan uwantaka kamar yadda mafi rinjaye suka faɗa, don haka Ɗan Marusa zai biya na jiya. Maganar tikiti an goge ta, Baban Khadija yayana ne kuma na san halinsa. Duk wanda ya sake kawo Daura ko Arsenal zan cire shi.

Injiniya: Ni ban ce ka buga daidai ba. Ka zuba da sarauniya da tara cikin mutum uku ba ka da komai, kati shida suka cece ka.

Ɗan Marusa: Wane mafi rinjaye? Injiniya kaɗai ya ce kara! Kuma Bature ne murafensa suka fara ƙarewa, ba ni ba.

Bature: Ni ranta maka 10 na yi tun farkon dare, ka manta?

Malam Habu: Na dawo don an turo mani abin da Admin ya rubuta. Ban halatta komai ba, kada a jingina mani. A goge sunana daga ciki.

Oga Admin: An rufe zaure sai bayan isha'i. Admin kaɗai ke iya turo saƙo.