Abuja zuwa Zariya da wannan aikin hanyar, in tuƙa da kaina ko in ɗauki direba?

Maman Biyu: Salam 'yan uwa. Juma'ar nan bikin ƙanwata a Zariya, ina so in ja motata daga Kubwa, ni da yara biyu da surukata. Lasisina bai shekara ba, cikin gari kawai nake yawo. Abin da ke ban tsoro wuraren da aka haɗe hannu ɗaya saboda aiki, gudu nawa ake yi a wurin, kuma wai da gaske ana cin tarar mutum in ya wuce ƙa'ida?

Ɗan Rigasa: Hajiya ki hau jirgin ƙasa ki huta kawai.

Maman Biyu: Jirgin a Rigasa zai sauke ni fa, ga kayan gara cike da but, a ka zan kai su Zariya?

Na Tudun Wada: Ni dai kar ki yi. Bara bayan magariba wajen Katari, an haɗe mu hannu ɗaya da masu zuwa, ganguna ne kawai a tsakani wasu ma sun faɗi, ina tafiyata a hankali sai ga wani mai Sharon ya fito obatekin tirela ya haske min ido, na kauce dama ashe an kankare gefen kwaltar, zurfin ya kai taƙi guda, taya na faɗawa sitiyari ya ƙwace mota ta kifa. Ƙanina ya karye a cinya, wata huɗu yana kwance ana juya shi, mai Sharon ko birki bai taka ba wallahi. Takalmin yaron ƙafa ɗaya sai washegari muka tsinto cikin jar ƙasa. Motar tana gareji har yau kaji na kwana a ciki.

Anti Malama: Subhanallahi, Allah ya ƙara masa lafiya.

Tsohon Direba: 'Yata, shekara 26 ina kan hanyar nan. Ƙaramar mota gudun kilomita 100 a awa ne ƙa'idarta a babban titi, amma kina shiga wurin aiki wannan ya faɗi, lambar da ke jikin allo ita ce doka. Ki tashi bayan asuba, kunna fitila ko da rana, ban da obatekin sai hanya ta rabu, kar ki manne wa tirela a gindi. Mai jar tuta in ya ɗaga ki tsaya. Ki ajiye 122 a waya, layin Road Safety ne. Tarar gudu a wurin aiki 3,000.

Na Tudun Wada: Baba ai ban da tashin asuba ni ma duk na bi wannan, me ya hana?

Ɗan Rigasa: Wace 3,000? Abokina 10,000 ya biya a banki.

Tsohon Direba: Wanwe abokinka ya bi, laifinsa daban, ka je ka tambaye shi da kyau.

Ɗan Rigasa: To ku direbobin haya ne za ku koya wa mutane haƙuri? Ku ne fa masu buɗe layi na uku a gosulo.

Tsohon Direba: Yaro, kai da ko keke ba ka da shi.

Kawu Zolaya: Da suruka a bayan mota ina ruwanki da allo, kina taɓa 60 za ki ji Innalillahi, ke 'yar nan kashe mu za ki yi? 😂

Anti Malama: Direban ma ba arha ba, ni 25k na ba wani zuwa Kaduna da dawowa.

Kawu Zolaya: An cuce ki Anti, 15k da abinci ya ishe shi.

Na Tudun Wada: Ni masu jiniyar nan suka fi ƙona min rai. Tun 2018 ake aikin nan muna haƙuri, kuna layi awa biyu a Tafa sai ayarin wani babba ya zo ya ture ganguna ya bi hannun da ba nasa ba, motoci talatin su bi bayansa, can gaba a kulle ba gaba ba baya.

Ɗan Rigasa: Har da masu gilas mai duhu da ba kowa ba ne, jiniyar ma siyowa suka yi.

Maman Biyu: Jama'a yau fa Laraba, direban 15k ɗin a ina ake samunsa?