Fijo 504 ɗina tana sakin ƙarfi a kan hawa, a taimaka da shawara

Baban Walida:
Salam 'yan uwa, don Allah masu ilimin inji ku taimaka min. Fijo 504 ce fikof irin haɗin Kaduna, mai kafireta, gadonta na yi wajen mahaifina kuma da ita nake ɗauko dankali daga Jos zuwa Lafiya. Sati uku kenan tana min wani hali, da safe mari ɗaya take tashi, silo (aikin inji mota na tsaye) lafiya lau, cikin gari ba ka ce tana da wani ciwo ba amma da na ɗau hanyar komawa Jos na kama Hawan Kibo sai ta fara shiƙa tana fizga kamar ana riƙe ta ta baya, na taka totur har ƙasa a banza, jiya sai da na dawo giya ɗaya tirela na bina da hon. Na faka na yi kamar minti 10, na tada ta ta tafi garau, can gaba ta sake. Na canza fulogi huɗun duka. Bakanikena ya ce ringin fistin ne sai an sauke inji, ni kuma gabana ya faɗi don kuɗin ba na wasa ba ne.

Oga Ɗan Panteka:
Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka yarda a sauke injin nan tukuna. Ringi in ya cinye ba ya warkewa don ka faka minti 10, kuma da ka ga shuɗin hayaki a salansa da baƙin mai yana raguwa kullum. Tana shan baƙin mai? Wane irin hayaki take yi?

Baban Walida:
Oga ba ta sha, daga juye zuwa juye da kyar nake ƙara rabin lita. Hayaki kam ban gani ba.

Oga Ɗan Panteka:
To ni yunwar mai nake zargi. Cikin kafireta akwai ɗan kofi da fetur ke taruwa, a silo kaɗan take sha famfon mai yana iya cika shi, amma a hawa jet, ɗan ramin da mai ke bi zuwa inji, na zuƙa da yawa, in man da ke zuwa bai kai ba kofin ya ƙafe sai fizga. Ka tsaya ya sake cika ta tafi, abin da ka faɗa kenan sak. Gobe in ta fara ka faka nan take ka buɗe murfin tanki, in ka ji fuuu iska ta shiga to hancin numfashin tankin ne ya toshe. In ba haka ba cire tiyon da ke shiga kafireta ka sa a gorar roba wani ya yi maka sitata, mai ya riƙa tunkuɗowa da ƙarfi bul bul, in tsiyaya yake to filta ko famfon mai ko datti a tanki. Bari inji ya huce kafin nan kuma ba sigari kusa don Allah.

Malam Na Zariya:
Ni tawa kwil ne, wanda ke ba fulogi wuta, ya min irin wannan, in ya yi zafi wuta ta yi rauni, ya huce ta dawo. Ka taɓa shi lokacin da ta fara. Ka kuma duba kwantak, ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa don kwil ya saki wuta, gibinsa 0.4 milimita ne, in ya ƙone ko ya matse taimin ma zai gudu. Kwandensa da ke haɗe da kwantak ɗin ma kan jawo haka.

Direban Dare:
Ba kuloci ba ne kuwa? ja birkin hannu ka sa giya huɗu ka saki a hankali in bata mutu ba filet ɗin kuloci ya tafi

Oga Ɗan Panteka:
Kuloci in yana silɓewa inji ihu yake mota ba ta tafiya, shi kuma ya ce shiƙa take. Maganar kwil ɗin Malam ita ce ta biyu a wajena. Wani abu kuma Alhaji, Jos ta haura mita 1,200 sama da teku, iska ta fi sirantaka, kafireta ba ta da kwamfutar da za ta rage mai, dole ƙarfi ya ɗan ragu ko lafiyarta ƙalau, balle filtar iska ta cika da ƙurar hunturu. Amma wannan ba ya sa fizga. Kuma kar ka bar yaran gareji su yi ta murɗa sukurun silo, ba ruwansa da hawa.

Baban Walida:
Na dawo da bayani. Murfin tanki shiru. Muka cire tiyo, man kamar fitsarin jariri wallahi. Aka yanke filtar mai, cike da jan gari kamar barkono, aka sauke tanki ashe tsatsa ce da ruwa kwance a ƙasa, na san man bumburutun da na sha lokacin wahalar mai ne. An wanke, an busa layi, sabuwar filta, yau na hau Kibo da giya uku. Saura ɗan tari da take yi in na taka totur farat ɗaya daga tsaye, shi kuma menene Oga?

Oga Ɗan Panteka:
Alhamdulillah. Wannan ɗan famfon totur ne na jikin kafireta, cire filtar iska ka leƙa ciki inji a kashe, ka ja totur da hannu, ya kamata ka ga mai ya yi tsartuwa siriri. In bai yi ba tsatsar ta kai can, a busa bakin ko a canza robar. Turo hoton in ka buɗe.