Wace salansa ta dace da motar da ke zirga-zirga tsakanin Tawa da Yamai?

Mai Corolla, Tawa:

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla mai inji lita 1.6, ta man fetur, irin waɗanda ake shigowa da su bayan sun yi aiki a Turai, kuma sana'ata tana sa ni bin hanyar Tawa zuwa Yamai a kai a kai, ta Tsarnawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Tukunyar salansar baya ta ruɓe har ta huje ta ƙasa, maƙwabta kuma sun fara sanin lokacin fitata da na dawowata ba tare da sun leƙo ba.

Shawarwarin da na samu sun saɓa wa juna. Makanikena ya ce in nemi tsohuwar tukunya ta asali a Yamai. Wani mai walda ya ce zai ƙera mini sabuwa mai faɗin bututu, wadda hayaƙi zai wuce kai tsaye, a cewarsa injin zai samu numfashi ya ƙara ja. Ɗan yayana kuwa cewa ya yi a cire tukunyar baki ɗaya tare da katalizar, wato na'urar da ke rage gubar hayaƙi, wai su ne ke shaƙe mota suna sa ta shan mai. Ni ba tsere nake yi ba, amma ina so motar ta ja idan na zo wuce babbar mota, kuma ba na son ƙarar da za ta hana ni jin maganar wanda ke zaune kusa da ni. Wacce zan bi?

Tsohon makanike, Yamai:

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar ɗan yayanka ita ce ta fara fita daga lissafi, domin ƙarar mota takan yaudari kunne: idan inji ya yi ruri sai direba ya ɗauka ƙarfi ya ƙaru, alhali allurar gudu tana nan inda take.

Tukunyar da kamfani ya sa wa motarka tana da ɗakuna a ciki, an raba su da faranti, an haɗa su da gajerun bututai masu ƙananan ramuka. Hayaƙi yana shiga ɗaki ya juyo ya faɗa wani, sautin yana dukan bango yana dawowa yana karo da wanda ke biye da shi, har su kashe juna kafin su kai waje. Wadda mai walda ya yi maka tayi kuwa bututu ne guda miƙaƙƙe mai ramuka, an naɗe shi da audugar gilashi, aka rufe da gwangwani. Audugar tana shanye siririyar ƙara, amma kaurin sauti, wato gurnanin nan da ke shiga ƙirji, yana wucewa kusan yadda ya zo. Bayan haka audugar tana ƙonewa tana fita kaɗan-kaɗan tare da hayaƙi, shi ya sa irin wannan tukunya takan fara da ladabi, bayan wani lokaci ta koma ihu.

Maganar faɗin bututu ita ce inda mutane suka fi ɓata. Inji mai lita 1.6 yakan zo da bututu mai faɗin milimita 45 zuwa 50, kuma ba don rowar ƙarfe aka yi shi haka ba. Hayaƙi yana fita ne bugu-bugu, kowane bugu idan ya wuce da sauri yana barin gurbi a bayansa wanda ke taimakawa wajen zuƙo hayaƙin silinda ta gaba. Idan aka faɗaɗa bututun fiye da kima sai saurin ya ragu, kamar ruwan gulbi da ya fito daga matsatsi ya bazu a fadama, zuƙowar nan ta yi rauni. Sakamakon shi ne motar takan yi nauyin tashi a ƙananan juyin inji, wato daidai inda kake buƙatarta a cikin gari da kuma lokacin da ka ɗauko kaya, ɗan abin da za ka samu kuwa yana can sama da juyi 5000 a minti, inda mai iyali ba ya kai allurarsa. Saboda haka ra'ayina shi ne ka tsaya a kan faɗin asali da tukunya mai ɗakuna.

Mai walda, Tawa:

Baba, na yarda da bayaninka a kan faɗi, amma ina so a yi wa aikin hannu adalci. Tsohuwar tukunyar da ake sayarwa a Yamai an ciro ta ne daga motar da ta yi shekaru a ƙasar da ake zuba gishiri a kan hanya lokacin sanyi, kuma sau da yawa bayanta yana da kyau amma farantan ciki sun riga sun saki. Mai mota zai biya kuɗin kaya da na mota zuwa Tawa, a ɗaura, kafin damina ta zagayo ya dawo wurinmu.

Tukunya mai ɗakuna ma muna ƙera ta, ba miƙaƙƙiya kaɗai ba. Abin da nake yi shi ne in yanka tsohuwar in buɗe ta a gaban mai ita, in auna tsawon kowane ɗaki da faɗin bututun shiga da na fita, in kwaikwaye su da ƙarfe mai kauri. Inda abokan sana'armu ke kuskure shi ne su ƙanƙanta tukunyar domin tsimin ƙarfe, ko su matse bututu wajen lanƙwasa shi har ya tsuke a gwiwa, ko kuma su liƙe salansar da jikin mota da walda maimakon su rataye ta da robobinta. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muni a hanyoyinmu, domin inji yana motsi a kan kujerunsa, gargada kuma tana girgiza komai, salansar da ba ta da wurin lilo sai ta tsage a wuya kusa da inji, gyaran can kuwa ya fi na baya tsada nesa ba kusa ba. Abin da ban iya ba shi ne in yi alkawarin sautin zai zo daidai da na kamfani, domin su da na'ura suke aunawa, ni da kunne.

Malamin koyar da fasaha, Yamai:

Ina so in ƙara lissafi kaɗan a kan abin da Baba ya faɗa, domin doguwar tafiya ita ce ainihin matsalar mai tambaya. Inji mai silinda huɗu yana tashin wuta sau biyu a kowane juyi guda. Idan Corolla tana gudun kilomita 100 a awa a giya ta biyar, injin yana wajen juyi 3000 a minti, wato bugu 100 ke nan a daƙiƙa guda. Sauti mai wannan kauri shi ne wanda audugar gilashi ba ta iya kamawa, kuma shi ne ke cika ɗakin mota yana sa kai ya yi nauyi. A cikin gari ba za ka lura da shi sosai ba, domin juyin yana hawa yana sauka, amma daga Tawa zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne, mafi yawansu a kan juyi ɗaya. Wanda ya gwada salansa a ƙofar gareji ta hanyar taka totur sau biyu bai gwada komai ba. Sai an hau kwalta an riƙe gudun tafiya, tagogi a rufe. Ƙaramar tukunyar da ke tsakiyar mota an sa ta ne domin ta taimaka wajen kashe irin wannan amo, saboda haka kada a bari wani ya maye gurbinta da bututu. A ma'aunin ƙarfin sauti na desibel, ƙarin 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar biyu, motocin da aka ƙera wa kasuwar Turai daga tsakiyar shekarun 1990 kuwa an tsara su ne kada su wuce desibel 74 a gwajin da ake auna ƙarar mota tana wucewa.

Game da katalizar, lafiyayye ba ya rage ƙarfin da direba zai ji. A cikinsa akwai dutse mai ƙananan ramuka da aka shafa wa ƙarafa masu tsada irin su filatinam, kuma wannan ne dalilin da ya sa wasu ke saurin ba da shawarar a cire shi, domin akwai masu sayensa. Gaskiya ne yana iya toshewa, musamman idan buji ya daɗe yana fashin wuta ko inji yana shan baƙin mai, alamarsa kuwa ita ce motar ta tashi lafiya amma ta ƙi ja idan an matsa mata. A nan ana maye gurbinsa ne da wani, a kuma gyara abin da ya kashe shi. Idan motar tana da na'urar auna iskar oksijin a bayan katalizar, cire shi zai kunna fitilar gargaɗin inji da lambar matsala P0420, daga ranar kuwa ba za ka sake sanin lokacin da wata matsala ta gaske ta taso ba, tun da fitilar kullum a kunne take. Abin da Baba ya faɗa a kan faɗin bututu bai shafi masu Hilux mai turbo ta gazuwal daidai wa daida ba, domin turbo da kansa yana rage ƙara kuma ya fi son hanya a buɗe bayansa.

Ma'aikaciyar jinya, Tawa:

Malam, kafin ka gama zaɓe, kada ka ɗauki iyali doguwar tafiya da wannan hujin. Hayaƙin fetur yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma hujin da ke ƙarƙashin mota yana ba ta hanyar shiga ta ramukan bene da na but, musamman idan an tsaya injin yana aiki, an rufe tagogi saboda ƙura ko na'urar sanyi. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da barci, abubuwan da kowa zai ɗora wa zafin rana da gajiyar hanya, yara kuma da ke kujerar baya su ne suka fi kusa da wurin.

Mai Corolla, Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ji gargaɗinki, motar za ta tsaya a cikin gari har a gyara. Baba, idan na zaɓi tsohuwar ta asali, ta yaya zan gane mai lafiya, tun da ba a ganin cikinta?

Tsohon makanike, Yamai:

Ka ɗaga ta da hannu biyu ka girgiza kusa da kunnenka. Idan ka ji wani abu yana kaɗawa ko garin tsatsa yana zuba, faranti ya saki, ka ajiye ta. Ka ƙwanƙwasa cikinta ta ƙasa da bakin sukudireba, musamman wajen ɗinki da inda bututu ya shiga, domin ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, ruɓaɓɓe kuwa yana lotsawa. Sabon baƙin fenti a kan tsohuwar tukunya dalili ne na ƙara dubawa. Ka tafi da awon tsohuwarka, wato faɗin bututu da tsawon tukunya da wuraren rataya, domin Corolla iri-iri ce kuma ta inji 1.4 ko ta gazuwal ba lallai ta zauna a taka ba. Idan ka samu ta baƙin ƙarfen da ba ya tsatsa, ta cancanci ƙarin kuɗi. In ba ka samu mai lafiya ba, ka koma wurin ƙanena mai walda da sharaɗin da ya faɗa da bakinsa: a buɗe tsohuwar a kwaikwayi ɗakunanta.

Ka sayi sababbin robobin rataya da gasket ɗin da ke toshe mahaɗai a rana ɗaya, kuma bayan an ɗaura, a tayar da injin yana sanyi, wani ya toshe bakin salansar da tsumma na ɗan lokaci kaɗan, kai kuma ka saurari ko iska tana tsiyaya a mahaɗai. Ruɓewar kuma daga ciki take farawa, domin kowace lita ta fetur da ta ƙone tana haifar da kusan lita guda ta ruwa a matsayin tururi, wanda ke taruwa a tukunyar baya idan ba ta yi zafi ba. Tafiyarka ta Yamai tana busar da ita. Gajerun zirga-zirgar cikin Tawa, daga gida zuwa kasuwa a kashe inji, su ne ke barin ruwan ya kwana a ciki.