Taƙaitawa: Bugun Zuciya a Wurin Matasa Masu Shaye-shaye

A tattaunawar da aka yi kan wannan batu, an fi daɗewa a kan hodar iblis. Tana matse jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, kuma a lokaci guda ta sa zuciyar gudu, sai ɗan shekara 17 ya dafe ƙirji yana zufa. Haɗa ta da giya ya fi muni, domin hanta na samar da wani sinadari mai daɗewa a jiki.

Shawarar da na fi gamsuwa da ita: a garzaya asibiti, a faɗa wa likita gaskiyar abin da yaron ya sha, don shi zai nuna maganin da ya dace. Yi wa yaron faɗa ya jira. Idan numfashi ya tsaya, a danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti.