Saidin, reshe ko ratse? Neman sunan layin da ke shiga mahaƙar kwal

Mai fassara: Assalamu alaikum jama'a. Kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Ina rubuta tarihin kwal ɗin Inugu da Hausa, kuma ba na yin nisa sai na ci karo da abin da Turawa ke kira siding: guntun layin dogo da ke ɓallewa daga babban layi ya shige harabar mahaƙa, a jera taragu a kansa, a cika su, kan jirgi ya zo ya ja. Ba ya kai fasinja ko'ina, yawanci ma ƙarshensa a toshe yake.

Ba ta tsallakuwa, don labarin a kanta ya ginu. A 1909 wani Bature masanin ma'adinai, Albert Kitson, ya gano kwal a tsaunukan Udi. Lokacin jiragen ƙasanmu kwal ɗin Birtaniya suke ci, ga yaƙin duniya na farko ya zo ya ƙuntata hanyar teku. Aka fara haƙa a 1915, layin dogo daga Fatakwal ya iso a 1916, mil 151, aka buɗe mahaƙar kwarin Iva a 1917. Garin Inugu da kansa a gindin wannan aiki ya tsiro, har yau akwai unguwa a cikinsa da ake kira Udi Siding. Na sa "layin gefe" na wucin gadi, amma kunnena bai karɓa ba.

Tsohon ɗan reluwe: Wa alaikumus salam. Ɗana, mu da muka yi aikin saidin muke cewa, kuma ba wanda ya taɓa ɓata. Wanda ya ba ku reluwe da tarago da tasha da gudus shi ya ba ku saidin. Me ya sa ita kaɗai za ku mayar?

Amma bari in nuna maka abin, don ka san me kake raɗa wa suna. Layinmu na da ƙwaya ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa. Kamar hanyar kasuwa ce ranar cinta, ba a tsayar da jaki a tsakiya a ce za a ɗaura masa mangala. To sai a fitar da wani layi a gefe. A bakinsa akwai ƙarfe mai motsi, mutum ya ja hannunsa, bakin layin ya karkata, jirgi ya shiga. In an gama a mayar, a sa kwaɗo, don in aka manta da shi a buɗe jirgin fasinja na iya afkawa kan taragun da ke tsaye. A mahaƙa ba layi ɗaya ake yi ba. Akwai inda fanko, wato taragun da ba kaya, ke jira, akwai wanda ya bi ƙarƙashin mazuba inda kwal ke gangarowa cikin tarago, sai sikeli, sai inda cikakku ke taruwa har su isa a ja. In an samu ƙasa mai ɗan gangara a kanta ake shimfiɗawa, sai a saki birki tarago ya gangara da kansa, mutum na biye da shi a guje hannunsa a kan birkin. Wannan aikin ya ci ƙafafun mutane.

Malamar Hausa: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Aro ba laifi ba ne, amma tarago da tasha sun fito daga cikin yadin reluwe sun shiga gari, tsohuwa a ƙauye ta san su. Saidin ba ta fito ba. Ka faɗe ta yau a Kantin Kwari ka ga wa zai gane. Shi kuma Malam don wanda bai taɓa shiga yadi ba yake rubutu.

"Layin gefe" kuwa Turanci ne da babbar riga. Ta faɗi inda layin yake, ta yi shiru a kan abin da yake yi. A babbar tasha ma kowane layi gefen wani ne.

Ɗalibi: Malama, me zai hana reshe? Reshen layin dogo. Sannan tambaya, don Allah: kwal ɗin nan da ake lodi shi ya sa ake ce wa garin Fatakwal?

Malamar Hausa: A'a, dacewa ce kawai. Sunan Lewis Harcourt, sakataren mulkin mallaka na Birtaniya, aka sa wa tashar ruwan a 1913, bakin Bahaushe ya murɗe shi ya koma Fatakwal. Ko da yake dacewar ta yi kyau, don saboda kwal aka gina garin.

Reshe kuma yana da mai shi. Layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda da aka gama a 1929 reshe ne, haka na Kano zuwa Nguru a 1930: suna da tashoshinsu, da fasinjansu, da garin da suka nufa. In muka ba wa guntun layin harabar mahaƙa wannan suna, ranar da Malam zai rubuta su biyun a jimla ɗaya sai ya rasa ta cewa.

Ga tawa shawarar: ratse. Matafiyi na kan hanya, ya ratse wani gida ya sha ruwa ko ya karɓi saƙo, ya dawo ya ci gaba. Bai canja hanya ba, kuma inda ya ratse ɗin ba can ya nufa ba. Masu nazarin waƙa ma da ita suke kiran inda mawaƙi ya bar jigo ya taɓo wani zance ya komo. Layin ratse, jam'i layukan ratse. In bakin mutane ya saba, "layin" zai faɗi da kansa: an kai taragu ratse, jirgi ya shiga ratse.

Mai fassara: Malama, wannan ta zauna mini, kuma ga dalilin da ya sa ban tsaya a "layin lodi" ba, wadda wani ya turo mini ta bayan fage. Lodi rabin aikin ne. Rabin rayuwar tarago a can jira ne, kuma jiran nan shi ne ma'aunin lafiyar mahaƙa. A shekarun farko hukumar reluwe ce ma ke riƙe da mahaƙar, ita ce kuma babbar mai saye, don haka in masu haƙa suka sassauta hannu a cikin rami, a waje ake fara gani: fanko sun yi jerin gwano, ba abin ja. Ku tuna 1949, da ma'aikata suka shiga tafiyar hawainiya a kan haƙƙoƙinsu. Gwamnati ta tura 'yan sanda su kwashe nakiyoyin fasa dutse daga rumbunan mahaƙa, ranar 18 ga Nuwamba aka buɗe wuta a Iva, mutum 21 suka mutu, 51 suka jikkata. Ina so in iya rubuta cewa taragu na tsaye a wurin ba a loda komai, kuma "suna tsaye a layin lodi ba lodi" ta zama abin dariya a inda ba na dariya ba. "Suna tsaye a ratse" ba ta da wannan matsalar.

Wani abin da ya sa nake ganin mu ma kalmar tamu ce: wannan kwal ɗin shi ya ja gyaɗar Kano da audugar Zariya. Da farko zagaye yake sha, daga Inugu ya gangara Fatakwal, a zuba shi jirgin ruwa zuwa Legas, sannan ya hau layin yamma ya taho Arewa. Sai a 1927 layin gabas ya haɗu da Kaduna ta Kafanchan, ya kuma taɓa Jos inda masu haƙar kuza ke buƙatarsa. Duk da haka a Makurɗi fito ake yi da taragu a kan Binuwai, har aka buɗe gada a 1932. Kuma a lokacin dalar gyaɗa a Kano ai a bakin irin wannan layi ake tara ta. Wato tarago ya fito daga ratse ɗaya ya faɗa wani.

Tsohon ɗan reluwe: Ratse ba ta yi muni ba, 'yata, na ba ki. Amma kada ku cakuɗa ta da wani. A ƙananan tashoshi akwai layin da ke da baki biyu, jirgi ya shiga ta nan ya tsaya, ɗan'uwansa mai tahowa ya wuce, shi kuma ya fita ta can. Wannan ba a ajiye kaya a kansa, wanda ya bar tarago a nan ya jawo wa kansa takardar tuhuma. Direba ya san bambancinsu ko cikin dare.

Malamar Hausa: To wannan mu ce layin kaucewa, Baba. An kauce wa wani ne, ba a je yin komai ba.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da aiki. Mu nan Nijar kwal muna da shi, layin dogo mai aiki ne babu. A Anu Araren kusa da Cirozerin, cikin jihar Agadas, kamfanin Sonichar na haƙa ya ƙona a nan take, wutar lantarkin ce ke tafiya Arlit da Agadas ta waya, kwal ɗin ba ya hawa jirgi. Amma tunda ana shimfiɗa layin Kano zuwa Maraɗi, gara a tsai da magana tun yanzu, kafin ku ku kawo ta Ingilishi mu mu kawo ta Faransanci, a taru a Jibiya ba mai jin wani. Ratse dai a nan ma ana faɗinta, ma'anar ɗaya ce.

Ɗalibi: Malam, to sunan unguwar fa? Ratsen Udi za ka rubuta?

Mai fassara: A'a, sunan wuri na mutanen wurin ne, Udi Siding zan bar shi, in yi bayani sau ɗaya. Saidin ɗin Baba ma ba zan jefar ba, duk inda ma'aikaci ke magana da bakinsa ita zan sa masa, don ita ya faɗa. Ga yadda sakin layin ƙarshe na babin ya fito, ku duba mini:

"A shekarar 1958 zuwa 1959 kwal ɗin da ya fita daga mahaƙun Inugu ya haura tan 900,000, bai taɓa kai haka ba, bai kuma sake ba. Tun tsakiyar shekarun 1950 reluwe ta fara sayo kawunan jirgi masu shan dizal, ga man fetur da aka samu a Oloibiri a 1956. Babbar mai saye ta fara ja da baya. Yaƙin basasa ya zo, sojojin tarayya suka shiga Inugu a Oktoban 1967, aka bar ramuka ba mai zuƙe ruwa har suka cika. Bayan yaƙi hukumar kwal, wadda aka kafa tun 1950, ta sake buɗe wasu, amma jirgin da zai shiga ratse ya ɗauko cikakku ya ajiye fanko sai raguwa yake."

Tsohon ɗan reluwe: Gyara ɗaya, ɗana. Juya jimlar ƙarshe. Fanko ake fara turawa ciki, sannan a ɗauko cikakku. Direban da ya fara ɗaura wa kansa cikakku ya zo yana neman inda zai sa fanko, ranar sai ya kwana yana gaba da baya a bakin saidin.

Malamar Hausa: Bakin ratse, Baba.

Tsohon ɗan reluwe: Ku rubuta ratse. Ni bakina ya riga ya tsufa da waccan.