Me za mu kira “misin” ɗin inji da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman kalmar Hausa ga abin da makanikai ke nufi in sun ce mota “tana misin”. A garejojin Katsina kowa haka yake faɗa, har yaron da ke miƙo sifana.

Abin da ya tayar mani da maganar shi ne motocin haibirid, masu haɗa injin fetur da na lantarki, da muke ƙara gani a gari tun da aka cire tallafin mai a 2023. Mai mota ya canja fulogi ko ya juye baƙin mai da kansa a ƙofar gida, ya tayar, mota ta hau jijjiga. Ya kira makanike ya ce tana misin, makanike ya ce a sayo fulogi, alhali jiya aka sa sabbi.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Ɗauki Toyota Prius ta 2010 zuwa 2015, mai injin lita 1.8, silinda huɗu. Kowace silinda na shaƙar iska da mai, ta matse, fulogi ya ba da wuta, ta ƙone. In lokacin ɗaya ya zo ta kasa ƙonewa, wannan ne misin na gaskiya. Ka sa mata kwamfuta, lambar P0301 na nufin silinda ta farko ce ke misin, har zuwa P0304. P0300 kuwa abin na yawo ne tsakaninsu.

A haibirid abin ya fi tayar da hankali. Injin lantarkin da ke cikin giyabos ne ke murza na fetur ya tashi, kuma faranti mai sifirin ne kawai a tsakanin injin fetur da giyabos. Silinda ɗaya na ƙin kamawa sai ka ji gwaf-gwaf daga ƙasa, ka rantse inji ya buga.

Wani malaminmu daga Daura ya ce “karkarwa”. Allah shi gafarta Malam, kalmar ta yi, amma ga abin da direba ke ji a sitiyari da kujera. Robar da inji ke zaune a kai in ta mutu ma mota na karkarwa, silinda huɗu kuwa lafiya lau. Mu bar ta ga alama.

An ce “tari”. Wannan na salansa ne.

Ƙanena ya kawo “fashin wuta”, kamar yadda ruwa ke fashi da damina. Na so ta ƙwarai, don ta kama ma'anar ƙin zuwa a kan lokaci. Matsalarta “wuta”. Duk wanda ya ji, wajen mai fulogi da koyil (abin da ke ba fulogi wuta) zai nufa. Bayan gyaran gida kuwa sau da yawa laifin na iska ne: an buɗe akwatin filta an manta ba a mayar da soket ɗin sensan iska ba, ko an bar ƙaramin tiyo yana reto, inji na zuƙar iskar da ba a auna ba. Ko an zuba baƙin mai ya wuce ɗigo na sama a jikin ma'auni. Irin wannan Prius ɗin kuma an san ta da toshewar EGR, bututun da ke mayar da hayaƙi cikin inji, in baƙin toka ya taru.

Sai wani dattijo mai gareji ta wajen Ƙofar Ƙaura ya ce su tun suna koyon aiki ogansu kan ce inji na “ɗingishi”. Baba, Allah ya ƙara girma, a nan na tsaya. Inji mai ƙafa huɗu ne yana tafiya da uku. Kuma duk wanda aka ce masa ana ɗingishi, tambayar da zai fara yi ita ce wace ƙafa. Ita ce tambayar da ke kai mutum ga gyara. Kwamfuta ta ce ta biyu, sai ka danna soket ɗin koyil ɗinta da babban yatsa har ka ji “ƙas”, don yakan zauna kamar ya shiga alhali bai kama ba. Bai daina ba, ka musanya koyil na biyu da na uku. In ɗingishin ya koma ta uku, koyil ne. In ya tsaya inda yake, duba fulogi da nozul mai fesa mai.

Wani ya yi gyara cewa akwai wani abu dabam da Turawa ke kira ɗingishi, wato lokacin da kwamfutar mota ta rage ƙarfi don kare inji. Gaskiya ne, Yallaɓai, amma da makaniken Katsina za mu yi magana. Wancan mu ce mota na “lallaɓawa”.

Mai wannan gwaji ya kashe mota gaba ɗaya kafin ya sa hannu. Muddin READY na kunne a dashbod, inji na iya tashi da kansa ko da ya yi shiru. Manyan wayoyi masu ruwan goro kuma daga babban batir suke, wutarsu ta haura bolt 200, ba a taɓa su a gida.

Saura EGR. Baba, ku me kuke ce masa a gareji?