Neman kalmar Hausa: littattafan da ake karanta wa yara a lokacin autumn

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. A makarantun Amurka malami kan zaɓi littattafan da zai karanta wa 'yan aji 3 zuwa 5 daga Satumba zuwa Nuwamba, suna kiransu autumn read-aloud. Ina fassara wani babi a kan wannan, an kuma ba da shawarar "karatu da ƙarfi" a madadin read-aloud, da "kaka" a madadin autumn. Ku duba mana ko sun zauna.

Malamar firamare: Wa alaikumus salam. "Karatu da ƙarfi" bai yi ba, Malam. Duk wanda ya ji zai zaci yaro aka tayar yana karantawa, ko aji duka na rerawa. Nan kuwa littafi ɗaya ne tak, yana hannun malami, yara kunne kawai suka kawo, minti 15 zuwa 20 kullum. Tun a gida malami ya karanta babin, ya sa alama wuri 3 ko 4 da zai dakata ya ce, me kuke ganin zai faru? In tsayawar ta wuce haka, labarin ya salance. Kuma littafin da ya ɗan fi ƙarfin yaro ake ɗauka, domin abin da ɗan shekara 9 ke fahimta da kunne ya zarce abin da zai iya karantawa da kansa.

Malamin Hausa: Gaskiyarki, Malama. "Biyawa" ma ba za ta yi ba, don in malam ya biya, almajiri maimaitawa yake yi. "Karatu a bayyane" muna da shi a salla, kishiyar na asirce, sai dai bai nuna wa ake yi wa ba. Ina ganin "karatun sauraro".

Ma'aikacin laburare: Na yarda, Allah ya gafarta Malam, amma kada a gajarta a ce "littafin sauraro". Wannan na littafin da aka naɗi muryarsa ne, ake ji a waya. A bar shi "littafin karatun sauraro" ko da ya yi tsawo.

Malamin labarin ƙasa: Ni ta kalmar "kaka" nake ji. Ta fuskar watanni da girbi kaka da autumn sun haɗu: muna yankan gero da dawa, su suna tsinkar tuffa da kabewa da masara. Amma littattafan nan fiye da girbi suke magana. Daga wajen 22 ko 23 ga Satumba dare ke fara fin rana tsawo a can, bishiyoyi su daina yin sinadarin da ke sa ganye kore, sai ruwan ɗorawar da ke ɓoye ya bayyana, bishiyar mapul ta yi ja wur, sannan ganyen ya kakkaɓe. Shi ya sa Amurkawa suka fi cewa fall, wato faɗuwa. A wurinmu sai rani ya shiga kuka ke tuɓewa, gawo ma da damina yake zubar da nasa. Yaron Katsina ko Maraɗi in ya ji "kaka" ba zai hango jan ganye da kurege na tara abinci ba. Kada kuma a aro kharif, sunan wannan lokaci a Larabci: Hausawan Sudan damina za su fahimta.

Malamin Hausa: Duk da haka kaka ce mafi kusa, Malam. A farkon ambato a rubuta "lokacin kaka na ƙasashen sanyi", a bi shi da jimla ɗaya kan zubar ganye, daga nan "lokacin kaka" ya wadatar. Kada a jefar da "lokacin", don muna cewa kakar wasa da kakar zaɓe, ga kuma kakar da ta haifi uwa ko uba.

Malamar firamare: Mai fassara ya lura da kalandar makarantun Amurka ma, don a kanta zaɓen yake. Mai karanta wa yara yakan yi kalma 130 zuwa 150 a minti, kusan 2,000 ke nan a zama ɗaya na minti 15. Littafi mai kalma 30,000 zai ci zama 15, mako 3. Wanda aka fara bayan makon farko na Nuwamba, hutun Ranar Godiya, Alhamis ta huɗu a watan, zai katse shi, yara su dawo sun manta inda aka kwana. Littafin Halloween kuwa, bikin shigar ban tsoro na 31 ga Oktoba, malami ya karance shi tas tukuna: labarin fatalwa ya fi firgitarwa a kunne, akwai kuma iyayen da ba sa son bikin sam. Ranar da lokaci ya ƙure, littafi mai hotuna ɗan shafi 32 yana ƙarewa a zama guda.

Mai fassara: Na gode malamai. Kan babin ya zama "Zaɓen littattafan karatun sauraro na lokacin kaka". Saura sunan bikin 31 ga Oktoba, zan bar shi yadda masu shi ke kiransa.